Kan tocila ya ƙi kwancewa

Tocila ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Da ita ake haska ɗaki kafin a shimfiɗa tabarma, don kada a kwanta a kan kunama. Da ita manomi yake bin hanyar gona da dare a lokacin damana, sa'ad da macizai suke yawo. Ɗan makarantar da babu lantarki a garinsu, da ita yake bitar karatunsa bayan sallar lisha.

Tsofaffin tocila na ƙarfe suna da ƙwari, suna daɗewa. Aibinsu ɗaya ne: cin pil. Ƙwan da ke cikinsu shi ne yake shanye ƙarfin pil da sauri. Ana iya fidda wannan ƙwai, a sa wani irin ƙwai na zamani a madadinsa, wanda ake kira LED. Amma kafin a kai ga ƙwan, sai an buɗe kan tocilar. A nan ne aikin yake tsayawa. A murɗa, a murɗa, kan ya ƙi motsi. Mai gaggawa sai ya ɗauko dutse ko awartaki, ya fasa gilashin, ya lotsa ƙarfen. Tocilar da aka so gyarawa ta zama ta zubarwa.

Yara, abin da ya kama kan tocila ba ƙarfi yake buƙata ba. Sai an san abin da ya kama shi tukuna.

Mu duba kan tocila

Ku ɗauki tocila mai lafiya, ku kwance kanta, ku jera kayan a kan tebur. Za ku ga zobe na gaba, wanda yake riƙe gilashi. Bayan gilashi akwai wani ɗan kwano mai ƙyalli kamar madubi. A tsakiyar kwanon akwai rami, ta nan ƙwai yake leƙowa. A wasu tocila akwai wani siririn zobe na roba, wanda yake hana ruwa da ƙura shiga.

Yanzu ku shafa bakin jikin tocilar da yatsa. Kun ji wasu tsagogi? Masu gyara suna ce musu haƙora. Ku sa tsinke a cikin tsaga ta farko, ku bi ta a hankali. Za ku ga ashe ba tsagogi da yawa ba ne. Tsaga ɗaya ce tak, tana zagaye tana hawa, kamar yadda igiya take naɗe da gora. A cikin kan ma akwai irinta. Idan aka murɗa, haƙoran kai suna bin haƙoran jiki. Sararin da ke tsakaninsu ƙarami ne ƙwarai, bai kai kaurin takardar littafinku biyu ko uku ba. Saboda haka abu kaɗan ya isa ya toshe shi.

Me yake kama shi?

Abu na farko shi ne ƙura. A lokacin hunturu, ƙura tana shiga ko'ina, har cikin akwati rufaffe. Idan ta haɗu da gumin hannu, sai ta daskare a tsakanin haƙora. Rairayi ya fi ta ɓarna, don yana cizon ƙarfe.

Abu na biyu, kuma shi ya fi yawa, shi ne ruwan pil. Pil ba busasshen abu ba ne kamar yadda muke gani daga waje. Irin wanda aka fi sayarwa a kasuwanninmu gwangwani ne na tutiya, da sandar gawayi a tsakiya, da wani baƙin gari mai laima kewaye da sandar. Wani Bafaranshe mai suna Georges Leclanché ya ƙago asalinsa a shekarar 1866. Yayin da pil yake aiki, tutiyar tana cinyewa kaɗan kaɗan. Idan ya mutu aka bar shi a cikin tocila, sai gwangwanin ya huje, ruwan ya tsiyayo. Zafi yana ƙara hanzarta wannan. Ruwan yana cin ƙarfe, ya haifar da tsatsa, ya bushe a cikin haƙora kamar siminti.

Akwai kuma kan da aka ɗaura a karkace. Mai shi ya sa haƙoran ba daidai ba, ya ji tauri, maimakon ya koma baya sai ya ƙara ƙarfi. Akwai wanda ya faɗi ƙasa ya lotse, da'irarsa ta baude. Akwai kuma wanda aka liƙe da gangan tun daga masana'anta. Masu ƙera wasu tocila suna ɗiga wani manne a kan haƙora, don kada kan ya kwance da kansa, ko don kada mai saye ya taɓa cikin.

Ku juya tocilar a wurin haske, ku duba mahaɗar da kyau. Farin gari ko ja-ja a bakin mahaɗa alamar ruwan pil ne. Kan da ya karkata gefe ɗaya, an ɗaura shi ba daidai ba ne. Sabuwar tocila mai tsabta wadda ta ƙi buɗewa, mai yiwuwa manne ne.

Kafin a soma

A fidda pil duka ta gindin tocila. Wannan ba abin wasa ba ne, domin nan gaba za mu yi aiki da zafi da ruwa, kuma pil ba ya son ko ɗaya. Idan pil ɗin ya tsiyaye, kada ku taɓa shi da hannu tsirara. Ku sa leda a hannu. Kada ku kai yatsa ido ko baki sai kun wanke da sabulu.

Akwai tocilar da yaro bai kamata ya buɗe ba sam: wadda ake cajinta a jikin lantarki ko da hasken rana. Batirin da ke cikinta a ɗaure yake da wayoyi, ba a fidda shi da sauƙi. Idan na litiyom ne, zai iya kama wuta in aka huda shi ko aka ɗumama shi. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne.

Sa'an nan a tabbata ana murɗawa ta gefen da ya kamata. Kada ku yi dariya, manya ma suna ruɗewa. Ku fuskanci gilashin tocilar kamar kuna kallon agogo. Idan kuka juya kan yadda hannun agogo yake tafiya, ɗaurewa kuke yi. Kwancewa ita ce akasin haka. Kusan dukan abubuwan murɗawa haka suke. Amma akwai ƴan kaɗan da aka yi su a juye, kamar fedar hagu ta keke. A cikin wasu tocila ma akan sami wani ƙaramin zobe mai irin waɗannan haƙora. Idan zobe na ciki ya ƙi, a gwada ɗaya gefen a hankali.

Roba ta fi awartaki

Sau da yawa ba ƙarfi ne ya kasa ba, hannu ne yake santsi. Ku nemi tsohuwar robar cikin ƙafar keke wurin mai faci. Ku yanka ta biyu, kowane yanki ya kai tsawon kamu ɗaya. Ku naɗe ɗaya a kan, ɗaya a jikin tocilar, ku ja su su kama sosai. Yanzu ku murɗa. Roba tana manne wa ƙarfe, ƙarfin hannu duka yana isa wurin da ake so.

Ga wata dabara ta masu gyara: kafin a kwance, sai a ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan. Wannan ɗan motsi yana fasa dattin da ya daskare. Ana kuma ƙwanƙwasa mahaɗar da ƙotar wuƙa ta itace, a bi ta a zagaye, a hankali, kamar mai gwada tukunya a kasuwa.

Idan bai isa ba, sai a ƙara wa hannu tsawo. Kun lura da inda ake sa mariƙin ƙofa? Nesa da wurin da ƙofar take juyawa ake sa shi. Ku gwada tura ƙofar ajinku kusa da gindinta, za ku ji nauyi. Ku tura ta a baki, yatsa ɗaya ya isa. Kan tocila siriri ne, hannu yana kusa da tsakiyarsa ƙwarai, shi ya sa yake da wuyar juyawa. To, a sami tsohuwar ɗamara ta fata da sanda mai tsawon santimita 30. A naɗe ɗamarar a kan tocilar bisa robar, a ɗaure bakinta biyu a ƙarshen sandar, a murɗa sandar har ɗamarar ta matse. Mutum ɗaya ya riƙe jikin tocila, ɗaya ya ja sandar. Idan daga tsakiyar kan zuwa gefensa santimita 2 ne, sanda mai santimita 30 tana ninka ƙarfin juyawa wajen sau 15.

Me ya sa ba mu ce a ɗauko awartaki ba? Awartaki yana matsa wuri biyu kawai. Kan tocila kuwa bututu ne mai siririn jiki. Da an matsa shi sai ya baude, ya ƙara cizon haƙoran da ake so ya saki. Ɗamara tana matsa ko'ina daidai wa daida, ba ta ɓata da'irar.

Idan ruwan pil ne

A nan sai haƙuri. A tsai da tocilar, a ɗiga kalanzir kaɗan a mahaɗar, a bar ta ta kwana. Kalanzir siriri ne, yana ratsa ƙananan kafofi, yana sassauta tsatsa. A yi wannan nesa da wuta. A tocilar roba kada a sa shi, don yana lalata wasu robobi, yana kumbura zoben hana ruwa.

Ɓawon da ruwan pil ya bari iri biyu ne, maganinsu ma biyu. Pil na tutiya da gawayi ruwansa mai tsami ne. Abin da yake kashe tsami kuwa kowace uwa ta san shi: kanwa. A jiƙa ƴar kanwa a ruwa, a ɗiga a wurin. Akwai wani pil mai tsada, wanda aka rubuta wa «alcaline» a jiki. Shi ruwansa dangin kanwa ne, yana barin farin gari. Maganinsa abu mai tsami, ruwan lemun tsami ko na tsamiya. Ku karanta jikin mataccen pil ɗin kafin ku zaɓa. Bayan haka a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shanya sosai.

Zafi yana buɗa ƙarfe

Wannan ita ce dabarar da ta fi ban sha'awa, kuma darasin kimiyya ne sukutum. Ƙarfe yana ƙaruwa idan ya yi zafi, yana tsukewa idan ya huce. Ido ba ya ganin wannan a ƙaramin abu, amma yana nan. Shi ya sa wayoyin lantarki suke ƙara saukowa tsakanin turaku da tsakar rana a watan Afrilu. Shi ya sa masu gina babbar gada suke barin ɗan sarari tsakanin sassanta.

Mu yi lissafi. Sandar alminiyom mai tsawon mita 1, idan zafinta ya ƙaru da digiri 1, tana ƙara milimita 0,023. Baƙin ƙarfe yana ƙara wajen rabin haka. A ce kan tocila na alminiyom ne, faɗinsa santimita 4, aka ƙara masa zafi da digiri 50. Faɗin zai ƙaru da milimita 0,046, wato bai kai kaurin gashin kai ɗaya ba. Kaɗan ne, ko ba haka ba? Amma ku tuna sararin da ke tsakanin haƙora shi ma kaɗan ne. Wannan ɗan buɗewa ya isa ya fasa tsatsa, ya ba kan hanya.

Sai dai akwai sharaɗi. Ɓangaren da yake waje, wanda ya rungume ɗan'uwansa, shi kaɗai za a ɗumama. Idan aka ajiye tocilar duka a rana, na ciki da na waje za su ƙaru tare, ba a yi kome ba. Saboda haka sai a sa kan a cikin leda mai kauri, a ɗaure, a tsoma shi cikin ruwan zafi har iyakar mahaɗa. A naɗe jikin tocilar da jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi. A ƙirga har 100, a fidda, a naɗa roba, a murɗa nan da nan kafin zafin ya ratsa zuwa ciki. Babba ne zai riƙe tukunyar ruwan zafin, ba yaro ba. Kada kuma a tsoma gilashi mai zafi cikin ruwan sanyi, zai tsage.

Zafi yana tausasa manne ma. Yawancin tocilar da aka liƙe a masana'anta suna saki bayan tsomawa biyu ko uku. Akwai wani manne mai ƙarfi da ba ya saki sai zafi ya kai wajen digiri 250, ruwa kuwa yana tafasa ne a digiri 100. Kada a ce za a kai kan bakin garwashi don a cim ma wannan. Kafin manne ya saki, kwanon haske ya narke, makunni ya lalace. Irin wannan tocila gara a bar ta yadda take. Tocilar roba kuma ruwa mai ɗumi kawai take jurewa, tafasasshe yana lanƙwasa ta.

Ƙwan da yake cin pil, da wanda ba ya ci

To, kan ya buɗe. Kada ku taɓa cikin kwanon haske da yatsa, kada ku goge shi da tsumma. Ƙyallin nan fenti ne siriri ƙwarai, yana gogewa. Hura shi da baki ya isa.

Ku duba tsohon ƙwan. A cikin gilashinsa akwai wata ƴar waya, siririya kamar gashi. Lantarki yana bi ta cikinta, ta yi zafi fiye da digiri 2000, har ta yi fari ta ba da haske. Wato wuta ce ake hurawa don a sami haske. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin pil yana tafiya a zafi. Da irin wannan ƙwai aka yi tocila ta farko, wadda wani Bature ɗan Ingila, David Misell, ya yi wa rajista a Amurka a shekarar 1899.

LED ba ta da wayar da ake ƙonawa. Wani ɗan ƙanƙanin dutse ne na masana'anta, wanda yake fidda haske idan lantarki ya ratsa shi. An sami mai jan haske a shekarar 1962. Mai shuɗin haske ta ba masana wuya, sai a farkon shekarun 1990 aka same ta a Japan. Mutum uku da suka yi wannan aiki, Akasaki da Amano da Nakamura, sun karɓi kyautar Nobel a shekarar 2014. Ku duba cikin farar LED a kashe, za ku ga ɗigo rawaya. A ƙarƙashinsa shuɗiyar LED ce. Shuɗin haske yana bugun rawayan garin, su gauraya, ido ya ga fari.

Ƙwan tocila mai pil biyu yakan ja amfiya 0,3. Ƙaramar LED mai faɗin milimita 5 tana jan amfiya 0,02 kawai, haskensu kuwa bai yi nisa da juna ba. Ku raba 0,3 da 0,02, ku ga sau nawa ne bambancin.

Ba sai an sayi LED ba. Ana samunta a cikin matattun fitilu da ake zubarwa. Amma tana da halaye biyu da dole a sani.

Na ɗaya, tana da gaba da baya. Tsohon ƙwai yana kamawa ko ta ina lantarki ya shigo. LED kuwa ƙafafu biyu gare ta, doguwa da gajeruwa. Doguwar tana zuwa wajen kan pil, inda aka sa alamar +. Gajeruwar tana zuwa wajen gindin pil. Idan aka juya, ba za ta kama ba.

Na biyu, ba ta san ƙoshi ba. Farar LED tana son wajen bolt 3. Kowane sabon pil yana ba da bolt 1,5. Pil biyu a jere bolt 3 ke nan, za ta kama ba tare da wani ƙari ba, ko da yake haskenta zai ragu da wuri idan pil ya soma rauni. Pil uku kuwa bolt 4,5 ne. Idan aka haɗa ta kai tsaye, za ta yi haske mai ƙarfi na ɗan lokaci, sa'an nan ta ƙone. Sai an sa mata wani ɗan abu mai rage gudun lantarki, wanda masu gyaran rediyo suke kira rezistans. Ga yadda ake gane girmansa, bisa ƙa'idar da wani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana a shekarar 1827. A cire 3 daga 4,5, saura 1,5. A raba 1,5 da 0,02, a sami 75. Ana buƙatar rezistans mai om 75. Idan babu shi, mai om 82 ko 100 zai yi. A ganina tocila mai pil uku ita ta fi dacewa da wannan gyara, domin tana ci gaba da haske har pil ya kusa ƙarewa ƙaf.

Gindin tsohon ƙwan shi zai zama mazaunin LED. Mai gyara zai naɗe ƙwan a tsumma, ya fasa gilashin, ya share cikin gindin. Zai liƙa doguwar ƙafa da dalma a ɗigon da ke ƙasan gindin, wanda yake taɓa kan pil, da rezistans a tsakani idan ana buƙatarsa. Gajeruwar ƙafa kuma a jikin ƙarfen gefe. Ƙafafun biyu kada su taɓa juna. Ku tsaya kusa ku kalli hannunsa, ku tambaye shi abin da ba ku gane ba.

Saura abu ɗaya. Kwanon haske yana da wani wuri guda a tsakiyarsa, inda in aka sa haske a nan, sai ya tattara shi ya tura gaba. A nan wayar tsohon ƙwan take zaune. Sai a sa LED ta tsaya a wannan tsayi. A kunna, a haska bango daga nisan taki uku. Idan an ga baƙin rami a tsakiyar hasken, ba ta zauna daidai ba, a ɗaga ta ko a sauke ta kaɗan. Wanda yake son tocilar don karatu, ba don hangen nesa ba, sai ya goga ƙoƙon LED ɗin a kan dutse mai laushi har ya dushe. Hasken zai bazu a kan shafi duka maimakon ya taru wuri ɗaya. Kada dai a kalli LED a kunne ido da ido, kada a haska idon wani.

Wajen rufewa, a goge haƙoran da tsohon buroshi. A ɗauki fensir, a bi tsagar da bakinsa har ta yi baƙi. Bakin fensir yana sa santsi, ba ya tara ƙura kamar mai, kuma lantarki yana bi ta cikinsa. A ɗora kan a miƙe, a juya shi baya kaɗan har a ji ya faɗa wurinsa, sa'an nan a ɗaura da yatsa uku kawai. Matattun pil ɗin kuwa kada a jefa su cikin wuta, kada a yar da su kusa da rijiya ko inda ƙannenku suke wasa.

Aiki

Ku kawo wata tsohuwar tocila aji. Ku zana kayan kanta a littafinku, ku rubuta sunan kowanne da Hausa da Faransanci. Sa'an nan ku lissafa: tocila mai pil huɗu, rezistans mai om nawa take buƙata don LED ɗaya?